Garin da Kaka Ta Ba Ni

A Doha ba a hura wuta a tsakar gida, don tsakar gidan ma babu ita. A hawa na uku muke zaune, a wani tsohon bene a Al Muntazah, ƙasanmu shagon tela da wani ɗan gidan abinci na Indiyawa wanda ƙamshin albasarsa ba ya barin matattakala. To amma kakata, mahaifiyar Abba, wadda aka ɗauko daga Zariya don likitoci su duba zuciyarta, ba ta san hira babu garwashi ba. Da kaskonta ta zo, na ƙasa, naɗe cikin zannuwa a tsakiyar akwati. Umma ta nuna mata na'urar ɗumama ɗaki, Kaka ta dubi na'urar sama da ƙasa, ta ce ita ba ta yin tatsuniya a gaban abin da ba ya toka.

Sau biyu mai gadin benen yana haurowa da gudu yana ihu, don hayaƙin Kaka ya tada ƙararrawar gobara. Daga nan aka sasanta, kasko ya koma baranda, mu ma muka bi shi. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, ƙanwata Fa'iza tana da bakwai. Hunturun shekarar ya zo da ruwan sama da wata iska mai shiga ƙashi, ga titunan garin duk an tone su ana gyara. Da an idar da sallar isha'i sai mu ja bargo mu fita. Kaka ta tona garwashi da tsinke, ta ce, "To, ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, akwai wuta." Baƙuwar ita ce tatsuniya.

Kafin tatsuniya sai an yi kacici-kacici. Dokar ita ce, wanda ya kasa ba da amsa sai ya ba mai tambaya gari, in an karɓi garin, dole mai tambaya ya faɗi amsar da bakinsa. Ni kullum Doha nake ba ta, ita kuma kullum sai ta ƙi.

"Ban karɓa ba, Maigida. Garin da ake sayen ruwan sha a kwalba, zakara ba ya cara? Riƙe abinka. Ba ni Funtuwa."

Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika. Ta ce tunda take aure ba ta taɓa samun rago irina ba, ni kuma in ce mata na sake ta tun jiya, takardar ce ba ta iso ba. Abin da zan faɗa mata a yi dariya, Abba ko a mafarki ba zai faɗa ba. Shi in ya zo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kansa a ƙasa, duk da furfurarsa da girman muƙaminsa na injiniya.

Akwai wani hali nata da muka saba da shi har muka daina lura. Kaka ba ta faɗin wasu sunaye. Marigayi mijinta, kakana, Yusufa ne, saboda haka duk wani Yusufa a duniya a bakinta "mai sunan Malam" ne. Haka sunan surukinta. Wannan kunya ce ta mutanen da, Umma ta bayyana mana, mace ba ta kiran sunan miji, ba ta kiran na suruki, ba ta kiran na ɗanta na fari. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa take kiran Abba "Aminu" gatsau ba, alhali a sanina shi ne babba a ɗakinta.

Abin ya faro ne daga makaranta. Malamarmu ta tarihi tana ba mu wata tambaya ta gasa duk mako, mu je gida mu yi tunani. Ta wannan makon hotuna huɗu ce. Uku na wasu wurare ne a ƙasashe daban-daban: ɗaya dutse mai faɗi da wuta tana ci a kansa, ɗaya wani soja yana tsaye ƙiƙam yana gadin wani farin gini, ɗaya kuma tulin furanni a gindin gunki. Na huɗun daga wani fim ne na yaƙin sararin sama. Tambayar ita ce, me ya haɗa su?

Fim ɗin na san shi, don na kalle shi har faifan ya fara tsalle. Ana kwasar sojoji zuwa wata duniya, a ƙofar jirgi a karɓe sunan kowa a ba shi lamba. Bayan shekaru masu yawa jirgin ya dawo shi kaɗai, babu kowa a ciki sai gawa ɗaya, lambarta ta goge. Da na tuna wannan sai na gane sauran. Kaburbura ne na sojan da ba a san ko wane ne ba, wanda ake binnewa a madadin duk waɗanda suka tafi yaƙi aka rasa ko gawarsu. Daɗi ya kama ni. Na ce yau sai na ci gari a hannun tsohuwar nan.

Da muka zauna a baranda na miƙa mata hotunan a hasken da ke fitowa daga falo. Ta kawo su daf da idonta, ta juya, ta ce ita ba ta ga komai ba sai duwatsu da wani mai kwalkwali. Ban ma jira ta ba ni gari ba, zumuɗi ya sa na zazzage mata bayani duka.

"Wa ke kwance a ciki?" ta tambaya.

"Ai shi ne abin, Kaka. Ba wanda ya sani."

"Uwarsa fa?"

Na yi dariya, na ce ai in an san uwarsa an san shi ke nan. Abba yana zaune a falo kusa da ƙofar baranda yana duba jarida, sai ya sa baki, ya ce har a ƙasarmu akwai irin wannan wuri, ana kai furanni duk shekara. Yana faɗa na ga ya yi kamar wanda ya taka garwashi. Ya naɗe jaridar a hankali.

Kaka ta ajiye hotunan a kan cinyarta. Ta daɗe tana tona wutar da ba ta buƙatar tono. Ranar ba ta ce ga baƙuwa a bakin ƙofa ba, kawai ta fara.

Ta ce a wani gari aka yi yaƙi mai nisa, aka kwashe samari. Da yaƙi ya ƙare, waɗanda suka tsira suka dawo da gawa guda ɗaya, rana da doguwar tafiya sun canza ta har ba mai gane fuskar. Aka binne ta a bayan gari, a gindin wata tsamiya. Sai wani tsoho ya ce wa mutanen garin, kabarin da ba shi da mai shi na kura ne. In ruwan farko ya sauka ba a kira sunan mai kabarin ba, kura za ta tone shi. Amma in uwarsa ta tsaya ta kira sunansa, tsamiya za ta zubo 'ya'yanta, kowa ya shaida, kura kuma ta haƙura.

Iyaye mata suka yi ta zuwa. Wannan ta ce Tanko, tsamiya shiru. Waccan ta ce Ilu, shiru. Har aka ƙare, saura mace ɗaya, mai saƙar faifai, wadda nata ɗan na fari ne. Kullum da magariba sai ta zo da ruwa a ƙwarya ta yayyafa wa kabarin, ta buɗe baki, ta ce, "Kai wannan." Tsamiya ta girgiza, amma ba ta zubo komai ba. Da safe a ga sawun kura. Jiya a bakin rafi, yau a bakin gona, gobe a inuwar tsamiyar kanta. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Nan Kaka ta tsaya.

"To ta faɗa mana!" in ji Fa'iza, har tana dukan bargo.

"Ke 'yar Doha. Uwa ba ta faɗa."

"Ko da kura za ta cinye shi?"

Kaka ta saki tsinken. Na ga hannunta ya tafi ƙirjinta, ta danna, bakinta ya buɗe tana neman iska. Abba ya tsallake mu kamar ba ya ganinmu, Umma ta zo a guje da ƙwayar da ake sa mata a ƙarƙashin harshe. Muna tsaye ni da Fa'iza a jikin bango, hotunan nan sun zube a ƙasa, ɗaya ya faɗa kusa da kasko gefensa ya fara murɗewa. Da ƙyar numfashinta ya daidaita. Tsoron da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba, don a raina ni na jawo.

Washegari Asabar, Abba ya ce in raka shi kasuwar kayan lambu ta Abu Hamour. Muka sayi tumatir da kuɓewa da lemo, muka zuba a bayan mota, amma bai tada motar ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon masu turo baro.

"Ina da wa," ya ce. "Ba ka sani ba, ko?"

Ya gaya mini Kaka ta yi wani aure kafin ta auri Malam, a wani gari da bai sani ba, ta haifi ɗa namiji. Auren ya mutu, dangin uba suka riƙe yaron. Sau ɗaya tak Abba ya gan shi. Lokacin yaƙin basasa ne, Abba bai ma shiga makaranta ba, sai ga wani dogon saurayi da kaki ya shigo gidansu a Zariya. Ya ɗaga Abba ya ɗora a wuya, ya ba shi alawa. Aka ce wa Abba, "Gai da Yaya." Washegari saurayin ya hau jirgin ƙasa zuwa kudu, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ba wasiƙa, ba gawa.

"Yaya kawai na sani," in ji Abba. "Malam ya rasu ina makarantar kwana. Gwaggo Lami da ta san komai ita ma ta tafi. Yanzu duk wanda zan iya tambaya a duniyar nan mutum ɗaya ne, ita kuma ɗan farinta ne."

Na ce, "Abba, ka tambaye ta mana."

Ya yi wani murmushi mara daɗi. Ya ce ya taɓa gwadawa yana saurayi, ta tashi ta bar masa ɗakin, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa. Ya ce duk lokacin da ya je Umra yana so ya yi wa yayansa, amma in ya zo wajen niyya sai ya tsaya, ya ce "ɗan'uwana", ya ji kamar ya aika saƙo babu adireshi. Ya san Allah ya san wanda yake nufi. Shi ne dai bai sani ba, kuma abin yana cin sa.

"Laraba za a kwantar da ita, Alhamis a yi aikin," ya ce. "Likita bai ɓoye mini ba, a shekarunta komai na iya faruwa." Sai ya tada mota. "Kada ka tada mata maganar nan. Ka ji ni? Khalas, magana ta ƙare."

Umma ma ta ja mini kunne a kicin, ta ce likita ya ce kada a tada wa Hajiya hankali ko kaɗan, kuma in ta sake ganin hotunan nan a gidan sai ta ƙona su. Na ce to. Amma na kasa barci sosai a kwanakin. In na rufe ido sai in ga sawun kura. Na gane sarai cewa in aka shiga da Kaka ɗakin aiki ba ta fito ba, sunan nan ya tafi ke nan har abada, dogon saurayin ya zama irin na cikin hotunana. In kuma na tambaye ta zuciyarta ta tsaya, to ni na kashe kakata. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ga abin da nake juyawa a gado.

Ranar Litinin da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Haruna ne, wani mutumin Gumel da ke aikin gadi a wani rukunin gidaje a Al Rayyan. Shi da abokinsa Isiyaku direba suna zuwa gidanmu cin tuwo in sun sami hutu, don a masaukinsu sai shinkafa da romon Indiyawa. Ranar shi kaɗai ya zo, ya ce kafil, wato ubangidan aikinsa, ya hana Isiyaku fita, shi kuma ya ji za a yi wa Hajiya aiki, ya ce ko ta halin ƙaƙa sai ya zo ya yi mata addu'a.

Kaka ta ji daɗi. Ta ce, "Ɗan Gumel, ka kyauta. Ka gai da Isiyaku, ka ce masa na gode."

Ina zuba masa ruwa a kofi lokacin, sai da ruwan ya zubo a kan tire. Isiyaku ta ce, da sunansa. Shi kuwa da ke zaune a gabanta, Ɗan Gumel. Na shiga tunani, tun zuwanta ban taɓa jin ta kira shi da wani abu ba sai wannan. Sai na tuna abokina Harun, ɗan Sudan da ke hawa na biyu, wanda take ba shi ƙuli-ƙuli. Duk abokaina ta haddace sunayensu, har na Indiyawan masu wuyar faɗa, amma shi "Mai Tabarau" take ce masa. Sai na tuna daren da ta ba mu ƙissar Annabi Musa da Fir'auna. Daga farko har ƙarshe "Annabi Musa da ɗan'uwansa" take cewa, har Fa'iza ta tambayi sunan ɗan'uwan, Kaka ta ce ta tambayi malamin Islamiyya.

Ba sunan Malam ba ne. Ba sunan surukinta ba ne. Na ajiye butar na shiga banɗaki na kulle.

Na yi niyyar in gaya wa Abba kawai. Amma me zan gaya masa? Zato ne. Wataƙila sunan mijinta na farko ne, wataƙila na wani kawunta. Abba ba zai ɗauki zaton yaro ya kai gaban Ka'aba ba. Sai ita ta tabbatar, ita kuma ba za ta faɗa ba, ni kuma an hana ni tambaya.

Daren Talata, jakarta tana shirye a bakin ƙofa. Umma ta ce a bar hira yau, Kaka ta ce in ba a kawo mata kaskonta ba, ba inda za ta gobe. Aka kawo. Iska ta ɗan lafa, ana jin ƙarar tukwane daga gidan abincin ƙasa. Abba yana wurin zamansa na kullum a bakin ƙofa, jarida a hannu, amma ba ya juya shafi. Kwalbar ƙwayar tana aljihun rigarsa, ina ganin tudunta.

"Maigida, yau ka yi shiru. Ko ka fara kukan takaba tun ban mutu ba?"

"Maza ba sa takaba," na ce. "Kaka, ina da kacici-kacici."

"Nasiru," in ji Abba daga bayana, a hankali. Sunana kawai ya kira, amma na san abin da ke ciki.

"Bar shi, Aminu. Tsakanina da mijina ne. Faɗi."

Na ce, "Abu uku ne. Ɗan Gumel. Mai Tabarau. Da ɗan'uwan Annabi Musa. Me ya haɗa su?"

Tsinken da take tona wuta da shi ya tsaya. Ba ta dube ni ba. Ni kuma hannunta nake kallo, ina jira in ga ko zai tafi ƙirji. Na ji jaridar Abba ta zame ƙasa. Fa'iza ta buɗe baki za ta yi magana, don ita ta san amsar daga Islamiyya, na danne mata ƙafa ta cikin bargo har sai da ta yi ƙara. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na dai san wani garwashi ya fashe, dukanmu muka zabura, ban da ita.

Can ta ja numfashi, ta ce, "Na kasa."

Ba ta taɓa cewa ta kasa ba, tunda muke wasan nan.

"Na ba ka gari," ta ce.

Na ce, "Wane gari?"

"Na ba ka Kauran Namoda. Bayan tashar jirgi, gidan Bawa mai gyaran layin dogo." Ta ɗago ido ta dube ni a karon farko. "Ka karɓa?"

"Na karɓa."

"To ai ka san doka. Wanda ya ci gari shi ke faɗa."

Na faɗa. Na ce, "Haruna."

Ta rufe ido. Hannunta ya tashi, zuciyata ta yanke, amma ba ƙirji ya tafi ba, bakinta ya tafi, ta rufe shi da tafin hannu. Ta gyaɗa kai sau ɗaya. A bayana na ji wani sauti da ban taɓa ji ba, na waiwaya, Abba ne, ya kifa fuskarsa a gwiwa, kafaɗunsa suna motsi.

Da ta sauke hannun, da garwashi ta yi magana, ba da mu ba.

"Ya zo da kakinsa ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Ina tankaɗe. Na juya masa baya, haka ake yi. Ya ce, Inna, da asuba jirginmu zai tashi. Na ce wa bango, Allah ya kiyaye hanya. Matan gida suka yi ta yabona, wai ba a taɓa ganin mai kunya irina ba." Ta tona garwashi. "Na so in juyo."

Sai Fa'iza, da ba ta gane rabin abin da ke faruwa ba, ta ce, "Kaka, to kurar fa? Ta tone shi?"

Kaka ta share ido da bakin mayafi, ta yi wata 'yar dariya. "Ina! Tsamiya ta zubo, har aka rasa wurin taka ƙafa."

"Ai kin ce uwa ba ta faɗa."

"Wani jika ne mara kunya ya biyo ta a baya. Ita ta buɗe baki, shi ya fitar da murya. Tsamiya kuwa ba ta bincike." Ta tura toka a kan garwashi. "Baƙuwa ta tafi. Yalla, kowa ya kwanta, in ji Larabawa."

An yi aikin ranar Alhamis, ya ɗauki tsawon yini, ta fito da rai. Abin da ta fara tambaya da ta farfaɗo shi ne ko an bar mata kaskonta a ruwan sama. Ta ƙara shekaru kaɗan a duniya, ta rasu a Zariya, a ɗakinta, kuma har ta koma ga Allah ba ta furta sunan nan da bakinta ba. Ni kuma gasar makaranta na ci ta, aka ba ni alƙalami mai haske a duhu, wanda ya lalace kafin mako ya zagayo.

Da azumi muka tafi Umra a mota. A miƙati ina tsaye kusa da Abba da haramina da ke ta zamewa, na ji ya yi niyya da ƙarfi, ya ambaci Haruna ɗan Bawa, har wani Balarabe ya waiwayo. Da muka je gida hutu Abba ya tafi Kauran Namoda. Gidan bayan tasha ya zama shaguna, amma ya sami wani tsoho da ya tuna wani dogon yaro mai son ƙwallo da ya shiga soja. Kabari dai babu. Har yau ba mu san inda yake kwance ba, ko ma an binne shi.

Na daɗe ina jin haushin al'adar nan. Ina saurayi na sha cewa wace irin kunya ce za ta sa uwa ta yi wa bango sallama ɗanta yana durƙushe a bayanta. Har yanzu ban gama yafe mata ba, al'adar nake nufi. Amma da na girma sai na ga wani abu da ban gani ba a baranda. Matar nan ta yi kusan shekara arba'in tana kauce wa suna ɗaya, a kasuwa, a ƙissa, a gaban baƙo. Kafin ka kauce wa abu sai ka gan shi. Duk ranar da ta ce Ɗan Gumel, duk ranar da ta ce Mai Tabarau, ta tuna shi ke nan. Ƙasashe suna kunna wuta a kan dutse su sa soja ya yi gadi don kada a manta da wanda ba su san sunansa ba. Ita ta san sunan, ita kaɗai, kuma ita kaɗai ta yi gadin, ba mai karɓarta.

Yanzu ina da ɗa, ɗan farina. Ba sai na faɗi sunan da na raɗa masa ba. Dattawan danginmu sun ba ni shawara in sa masa laƙabi, wai bai dace uba ya riƙa kiran ɗan fari gatsau ba. Na ce na ji, na gode. Kullum da safe in zai tafi makaranta yakan tsaya a ƙofa da jakarsa ya ce, "Abba, na tafi." Ko me nake yi sai na ajiye, in juyo, in dube shi.

"Haruna," nake cewa, yadda maƙwabta za su ji. "Allah ya kiyaye hanya."